Jaridar da Ta Riga Ni Faɗa wa Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da nake jin kaina wani babban ɗan jarida, har ina soka biro biyu a aljihun gaba don kowa ya sani, akwai wata 'yar jarida da muke fitarwa kullum safiya a Karaye. In na faɗa wa yaran yanzu sai su yi dariya, su ce wane labari ake samu a Karaye da har zai cika jarida kullum. To ana samu. Takarda ɗaya ce, gaba da baya, kuma ban taɓa ganin ranar da muka rasa abin cika ta ba.

Wani tsohon hedimasta ne ya kafa ta bayan ya yi ritaya. Ya sayo tsohon injin nan da makarantu ke buga takardun jarrabawa da shi, wanda ake murzawa da hannu, ya ajiye a zaurensa. Sunan da ya raɗa mata daban, amma babu mai kiranta da shi, kowa takardar Malam yake cewa. Da hannunsa ya fara rawa, idonsa ya yi rauni, sai ya damƙa ta a hannun abokina, wanda muka yi makaranta tare tun firamare, kuma dukkanmu ɗaliban Malam ne. Abokina ya kama shago kusa da tasha, ya sa kwamfuta da injin buga takarda da ɗan janareta. Shi ne edita, ni ne wakili. Iyakar ma'aikatan ke nan.

Ba ma buga labarin Abuja. Malam ya ce wannan aikin rediyo ne, mu namu shi ne abin da rediyo ba za ta waiwaya ba. Nawa kwanon dawa ya kwana jiya, yaya gyaɗa ta tashi a kasuwa, ina aka yi ruwa kuma ya isa shuka ko yayyafi ne kawai. Cigiyar akuya da jaki. Wa aka yi wa haihuwa, yaushe suna, ɗan gidan wa ya sauke Alƙur'ani. Wace hanya ruwa ya cinye har mota ba ta bi. Ni nake hawa babur in zaga Yammedi da Kafin Dafga da Tudun Kaya in kwaso waɗannan. Bayan sallar asuba a buga, motocin farko su ɗauka. Yawancin masu sonta ba su iya karatun boko ba, don haka a kowane teburin mai shayi da kowace tasha akwai wanda ya zama mai karanta wa jama'a da ƙarfi. Duk abin da na rubuta, a ƙarshensa akan sa “daga wakilinmu na Yammedi”, saboda can ne dangin mahaifiyata. Ita kuwa tana zaune a Rogo, gidan mahaifina marigayi. Ni ne ɗan farinta, ba ta faɗar sunana, ba ta kuma taɓa yaba mini a fuska ba, amma ƙanwata ta gaya mini cewa in an karanta mata takardar takan ce a maimaita wajen wakilin nan.

Malam yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita: ba a buga rasuwa sai an yi sadakar uku. Kun san yadda muke yi a nan. In mutum ya rasu, ba a ɗaga waya a ce wa 'yar'uwarsa da ke wani gari wane ya mutu. Tura mutum ake yi ya ce jikin ya yi tsanani, ki zo. Ta shirya, ta taho da ƙafafunta, a hanya zuciyarta tana raya mata wani abu tana korewa, har ta iso ƙofar gida ta ga tabarmi. A shigar da ita ɗaki, a zaunar da ita cikin 'yan'uwanta, sannan wanda ya isa ya faɗa mata. Malam ya ce kwana ukun nan na masu irin wannan tafiyar ne.

Mu kuwa abin haushi yake ba mu. Waya ta yawaita, labari na yawo kafin a wanke mamaci, mu kuma sai bayan kwana uku mu fito da shi kamar waɗanda suka tashi daga barci. 'Yan tasha har tsiya suke mana, wai takardar Malam ba ta yarda mutum ya mutu ba sai ta ci gumbarsa. Kuma bari in faɗi gaskiya tun yanzu, kada in ɗora wa wani duka: ni na fi kowa ɗaga murya a kan a cire dokar nan. Ni na ce zamani ya wuce ta. Ni na ce Malam ya tsufa. Ranar da muka fara buga rasuwa da zafinta, har shayi na saya wa abokina na murna. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, to ni na ja shi da hannu biyu.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi kaɗai ya rage mata a ɗakinsu. Mai ɗori ne a Yammedi. Duk direba ko ɗan acaɓan da ya taɓa karaya tsakanin Karaye da Rogo ya san zaurensa. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama bayan rasuwar iyayensu, shi ya aurar da ita. Ba ta kiransa komai sai Yaya, kuma har ta yi jikoki ba ta zama a kujera in yana wuri.

Ya yi jinyar kwana biyu kacal, ya cika wajen magariba wata Talata. Dattawan gida suka zauna suka yanke shawara cewa sai da safe za a yi jana'iza, kuma ba za a fitar da shi ba sai ƙanwarsa ta iso ta gan shi, ta yi masa addu'a, sun rabu. Matsalar ita ce mahaifiyata tana da hawan jini mai tsanani, likita ya sha ja mana kunne a kan labarin tashin hankali. Saboda haka aka tsara komai. Aka kira ƙanwata a Rogo, ta karɓe wayar Inna da sunan za a kai caji. Aka gaya wa matan gidan da maƙwabta kowa ya kama bakinsa. Ni kuma aka ce in je da sassafe in taho da ita. Aikina ɗaya ne: in kawo ta Yammedi a kan ƙafafunta, ba ta sani ba.

Da asuba na biya ta shago don in gaya wa abokina ba zan yi aiki ba ranar. Na same shi ya tayar da janareta, yana shirin bugawa. Ya yi mini ta'aziyya, har da hawayensa, domin shi ma kawu ya taɓa ɗora masa hannu. Sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na ja kujera na rubuta sanarwar rasuwar, layi shida ko bakwai, don ina ganin babu wanda zai rubuta ta yadda ya kamata in ba ni ba. Ku ji girman kai. Na miƙa masa na ce:

“Wannan ta gobe ce, ba ta yau ba. Inna ba ta sani ba, yanzu zan je in taho da ita.”

Ya karɓa ya ce, “Haba, sai ka faɗa? Inna ai uwata ce. Je ka abinka, Allah Ya ba ku haƙuri.”

Na isa Rogo rana ba ta yi zafi ba. Na durƙusa na gaishe ta, muka yi gaisuwa mai tsawo kamar kullum, ta tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya. Sannan na ce jikin Kawu ne ya ɗan motsa, yana ta kiranta. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

“Yana cin abinci?”

Na ce, “Kaɗan-kaɗan, Inna.”

Ta ce to Yaya ba ya ƙin kunun tsamiya komai ciwo. Ta tashi ta hura wuta. Na ce Inna a bar kunun nan, a can ma za a dama. Ta ce na matansa ba ya shiga masa. Haka na zauna ina kallonta tana dama kunu ga mutumin da aka riga aka yi wa wanka, ƙanwata ta shige banɗaki ta kasa fitowa. Ta zuba a fulas, ta ɗauko 'yar kwalbar zuma, ta ɗaure a ɗankwali. Gwiwoyinta ba sa barinta hawa babur, don haka na bar nawa a gida muka taka zuwa tasha.

Motar Karaye saura mutum uku ta cika. Na zaunar da ita a baya kusa da taga, fulas ɗin a cinyarta, na tsaya a waje ina Allah-Allah a tashi. A gindin bishiyar da ke gefen motar akwai wani dattijo, tsohon masinja, shi ne mai karanta wa 'yan tashar Rogo takardarmu. Murya gare shi kamar ladan. Na ga an miƙa masa ta ranar, ban damu ba ko kaɗan. Na san da farashin hatsi ake farawa.

Sai na ji ya ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.”

Kafin in juya ya faɗi sunan kawu da na mahaifinsa. Tashar ta ɗauki salati, direbobi suka taso. Na nufe shi ina ɗaga masa hannu, ina cewa Baba dakata, Baba dakata, shi kuwa ya ɗauka so nake ya ƙara murya don na nesa su ji. Ya ƙara. Kalmomina ne, ɗaya bayan ɗaya, yadda na jera su da asuba, ranakun kawai abokina ya gyara don su dace da fitowar yau. Ya rasu jiya da magariba bayan gajeriyar jinya. Za a yi jana'iza da safiyar nan a Yammedi. Ya bar mata biyu da 'ya'ya da jikoki, da ƙanwa ɗaya da ke zaune a Rogo. Daga wakilinmu na Yammedi.

Ban san yadda aka yi na dawo jikin taga ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ihu ba. Tana riƙe da fulas ɗin da hannu biyu, leɓɓanta suna motsi. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba:

“Kai ka rubuta?”

Na ce, “Inna, ki yi haƙuri, ba yau aka ce...”

“Jiya da magariba,” ta ce. “Ka bar ni na dama kunu.”

Sannan ta ƙara da cewa, “Ka iya faɗa wa 'yan tasha. Ni ce ba ka iya faɗa wa ba.”

Daga nan ta ce kanta yana juyawa, hannunta na hagu ya yi nauyi. Matar da ke kusa da ita ta tare ta. Maimakon hanyar Karaye, asibiti direban ya nufa da mu. Aka auna jinin, ma'aikaciyar ta dube ni da wani irin kallo, aka kwantar da ita aka sa mata ruwa. Daga Yammedi ana ta kirana. Suka jira har rana ta take, jama'a sun cika gari, mamaci kuma ba a ajiye shi. Wajen azahar babban ɗan kawu ya kira ya ce, “Yaya, dattawa sun ce a yi haƙuri.” Na ce a yi abin da ya dace. Aka binne shi ina zaune a kan benci a bakin ɗakin da take kwance. Ni ban samu sallarsa ba, ita ba ta ga fuskarsa ba. Sai ranar sadakar uku aka iya kai ta, ana riƙe da ita.

Washegarin jana'iza na je shago. Ban yi sallama ba, kuma ban taɓa shiga wuri ba sallama ba sai ranar. Takardar jiya tana manne a ƙofa, sanarwar a sama da manyan baƙaƙe, inda farashin hatsi ya saba zama. Na ɓalle ta na ajiye masa a kan tebur.

“Me na ce maka?”

Ya ce, “Zauna mana mu yi magana.”

“Ba zan zauna ba. Me na ce maka jiya da asuba?”

Ya ce shi ya lissafa ne, ya ga kafin motar farko ta isa Rogo mun riga mun baro. Ya ce bayan fitata mutum uku suka leƙo suna tambaya ko gaskiya ne mai ɗorin Yammedi ya rasu, labari ya riga ya fita, in muka bari sai gobe mun zama abin dariya. Ya ce, “Ka san jama'ar da suka samu sallar nan saboda takardarmu? Daga Tudun Kaya mota biyu aka yi. Wannan ba lada ba ne?”

Na ce, “Mutum ɗaya aka kwana ana jira. Ita kaɗai. Ita ce ba ta samu ba.”

Ya sunkuyar da kai. Da ya bar shi a nan, wataƙila da mun shirya tun ranar. Sai ya ɗago ya ce, “Amma fa kai ne ka ce a cire dokar Malam. Na wasu da muka buga, ba su da 'yan'uwa a wani gari ne?”

Wallahi ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na tsane shi a lokacin ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ya faɗa. Wata bakwai muna buga rasuwar mutane da zafinta, ban taɓa tsayawa na tambayi ko akwai wata a cikin mota tana tafe da kunu ba. Amma gaskiyarsa ba ta wanke shi ba, har gobe. Ni na yi wauta a kan mutanen da ban sani ba. Shi kuwa ya dubi idona ya ce Inna uwarsa ce, ya ci tuwon hannunta ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, sannan ya auna ta da dariyar 'yan tasha ya ga dariyar ta fi nauyi. Na zare birona biyu na ajiye masa a kan takardar, kamar wani minista mai ajiye aiki, na fita. Ban sake rubuta wa jaridar ko layi ɗaya ba.

Bayan kwana bakwai na je gaishe da Malam. Na shiga zauren ina jiran faɗa, don na san labari ya kai masa. Bai yi ba. Ya tambayi jikin Inna, ya yi wa kawu addu'a. Da na tashi tafiya ne ya ce, “Ku kuna duba mutum nawa suka ji. Ni kullum wanda bai ji ba tukuna nake dubawa.” Iyakar abin da ya ce ke nan, ya koma kan carbinsa. Na gwammace da ya zage ni.

Jaridar ta ƙara damina biyu sannan ta mutu, waya ta cinye ta kamar yadda ta cinye irinta a ko'ina. Shagon yanzu ana sayar da katin waya ne. Wani lokaci nakan yi kewarta, domin tun da ta tafi babu wanda ya damu ya gaya wa mutumin Kafin Dafga ko an yi ruwa a Yammedi. Abokina ya je har Rogo ya durƙusa ya ba Inna haƙuri, ta ce Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Muna gaisawa da shi a ɗaurin aure da jana'iza, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali. Iyakarta ke nan.

Yanzu kullum sai na ga an sa hoton mamaci a waya tun kafin a rufe masa ido, kowa na rige-rigen ya zama shi ya fara sawa. In na gani raina ɓaci yake, kuma ba na ɓoyewa. Na sha kiran mutumin da ban sani ba in ce masa ya sauke, ya tambaya tukuna ko uwar mamacin ta ji. Wasu su sauke, wasu su ce ina ruwana. Ba na jin haushin a ce mini mai shisshigi.

Inna ta warke, sai ɗan nauyin hannun da bai sake ta ba. Ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, kuma na san ta yafe mini, don ta faɗa. Amma akwai abin da bai dawo ba. Bara ƙaramar 'yata ta yi zazzaɓi, zazzaɓi na gaske, wanda allura uku suka kore. Na kira Inna na ce jikarta ba ta jin daɗi, amma da sauƙi. Ta ce, “Da sauƙi?” Na ce wallahi Inna da sauƙi, ga ta nan tana shan shayi.

Ta ce, “To. Ba uwarta wayar in ji daga bakinta.”

Na miƙa wa matata wayar, na fita tsakar gida na tsaya har suka gama.